Danna Ɗaya, Inna

Ran biyar ga wata, kamar kowane biyar ga wata, Inna mai guga ta tsaya a shagon waya na bakin titi, ta kwance kullin bakin mayafinta, ta ajiye kuɗin layi a kan katako. Mai shagon ya latsa lambarta a na'urarsa. Ya kalli allon, ya kalle ta, ya sake kallon allon.

"Inna, wannan ba zai isa ba fa."

"Me ba zai isa ba? Shekara huɗu abin da nake ba ka ke nan."

"Na wannan watan ya ninka, har da 'yar ɗoriya."

"To ni da wa na yi hirar? Da aljanu?"

Mai shago ya yi dariya, ya ce shi karɓa ce tasa, ba shi ke yankawa ba. Inna ba ta ga abin dariya ba. Ta kwance ɗaya kullin, na kuɗin sabulu da gawayi, ta cike, ta juya tana ƙunƙuni.

Layin nata ba irin na sa kati ba ne, na biyan wata ne. Babban ɗanta, Dogo, shi ya buɗe mata shi ana jibi zai tafi nema ƙetare. A bakin mota ya riƙe hannunta ya ce, "Inna, komai zai faru, kada ki bar layin nan ya mutu. Ita kaɗai ce lambar da na haddace. Ko an ƙwace min waya da takalmi, tana cikin kaina." Ya kira sau biyu a shekarar farko. Tun daga nan shiru, yau shekara uku. Wasu sun ce kurkuku, wasu sun ce teku, wasu kuma sai dai su sunkuyar da kai su canza zance. Inna ba ta musu da kowa. Ita dai tana biyan kuɗin layi kafin ta sayi abin sawa a baki.

Shi ya sa wayar ba ta barin jikinta. 'Yar ƙarama ce mai maɓalli, bayanta ɗaure da roba, tana rataye a wuyan Inna cikin jakar da ta ɗinka mata da guntun yadi. Ko caji za a yi, sai ta jawo teburin guga kusa da bango ta tsare ta da ido. Ba mahalukin da ya isa ya riƙe ta. Matsala ɗaya ce: Inna ba ta yi makaranta ba. Lambobi kam ta san su kamar yatsun hannunta, shekara talatin tana ƙirga riguna da canji. Haruffa ne ke mata kamar tururuwa ta zube a faranti. In saƙo ya shigo sai ta nemi mai karantawa, mai karantawar kuwa a gida yake, ba ya zuwa ko'ina.

Auta ke nan, ƙaramin ɗanta. Sunan ne kawai na yara. Gardi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, gemu cike da haɓa, takardar gama makaranta tana ƙarƙashin katifa tana shan barci kamar mai ita. Da ta dawo daga shagon ta same shi kwance a doguwar kujera yana latsa tasa wayar.

"Auta, wai kuɗin layi ya ninka."

"Ƙari suka yi, Inna. Kowa kuka yake." Ko ɗagowa bai yi ba.

Ba ta gama zuba garwashi a dutsen guga ba wayar ta yi ƙara a ƙirjinta. Ta ciro ta da sauri, kamar yadda take yi kullum. Ba kira ba ne, saƙo ne. Wannan karon Auta ya tashi da hanzarin da ba ya yi in an aike shi. Ya leƙo ta kafaɗarta, hannuwansa a baya, don ya san dokar.

"Talla ce. Sun ce ki danna ɗaya a daina turo miki."

Ta danna ɗaya da babban yatsanta. Wani saƙon ya biyo baya, da lambobi shida a jere.

"Karanto min su, in rufe musu baki gaba ɗaya ta tawa wayar."

Ta karanto su ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan ɗaga murya, don nan ne wurin da take da iko. Auta ya latsa, ya ce an gama. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ta koma kan kwalar rigar wani ma'aikacin banki.

A wata na biyu kuɗin ya ninka huɗu. Inna ta ƙara karɓar wanki daga gidajen benen da ke bayan kasuwa, har da barguna da labule, irin aikin da ta daina tun da bayanta ya fara ciwo. Sabulu ya cinye mata tsakanin yatsu. Tana tsugunne gaban baho tun hantsi har rana ta karya, in za ta miƙe sai ta dafa bango. Duk da haka bai cika ba. Ta hau mota ta tafi wurin 'yarta, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare.

Ta same ta a ɗakin malamai lokacin tara, tana maka jan biro a littattafai. Inna ta buɗe saƙon bil ɗin, wato kuɗin layin, ta kara mata wayar a fuska ba tare da ta saki ba. Malama ta karanta, ta daɗe tana karantawa fiye da tsawon saƙon. Sai ta cire tabarau ta murza ido.

"Me suka ce?"

"Kamfanonin nan ɓarayi ne, Inna."

"Ai na sani. Me suka ce dai?"

"Ba komai, lissafi ne kawai." Ta buɗe jaka ta ƙirgo cikon kuɗin ta damƙa mata, idonta na kan littafin wani yaro. Inna ta fito tana shi wa 'yarta albarka har bakin ƙofar makaranta, masu sayar da alewa suna jinta.

A wata na uku mai shagon waya bai ma faɗi kuɗin ba. Ya juyo mata na'urar ta gani da idonta. Gugar wata uku ke nan cur, in ba ta ci ba, ba ta sayi gawayi ba. Da ta gwada kiran Malama sai wata muryar mace ta ce an dakatar da kira daga wannan layin.

"Inna, wannan ya fi ƙarfin shagona," in ji shi. "Ki je babban ofis. Ki tafi da wuri, mutane suna yawa."

Ofishin gilashi ne daga sama har ƙasa, da sanyin da ke shiga ƙashi. Aka ba ta 'yar takarda mai lamba tamanin da bakwai, allo yana kan talatin da ɗaya. Ta zauna a kujerar ƙarfe ta dafe jakar wuyanta, tana tunanin zannuwan gadon mutane da ta bari a jiƙe. Sai bayan azahar lambarta ta fito. Wadda ke bayan kantar yarinya ce, ba za ta kai Malama ba, da murmushin da aka koya mata.

"Mama, kuɗin kiranki bai canza ba, ga shi nan yadda yake. Sauran ba namu ba ne. Na wani kamfani ne daban, mu karɓar musu kawai muke ta cikin bil ɗinki."

"Wane kamfani? Ni ku na sani."

"Na cacar ƙwallo ne."

"Caca? Ni?" Inna ta dafe ƙirji. "'Yar nan, ƙwallon da na sani ita ce wadda yaran unguwa ke bugo min kan shanya. Ku cire. Ban saya ba, ban aika ba."

"Ba mu da ikon cirewa, Mama. Sai su."

"To ina ofishinsu?"

Ba su da ofis. Lambar waya kawai gare su. Ma'aikaciyar, Allah ya saka mata, ta kira su da wayar kan teburinta ta buɗe murya. Aka sa musu kiɗa na minti goma sha biyu. Daga nan wani namiji ya ɗauka, muryarsa sumul kamar rigar da aka sa wa sitati. Ya ce suna matuƙar jin daɗin kiranta. Ya ce ba sa cirar ko sisi sai mai layi ya amince sau biyu: ya danna ɗaya, sannan ya ba da lambobi shida da aka turo masa. Ya ce a wannan layin an yi haka sau arba'in da ɗaya. Ya yi mata fatan wuni lafiya.

Haka abin yake. Wannan ya ce shi mai karɓa ne, wancan ya ce shi an ba shi izini, kowa hannunsa fari tas, kuɗin kuwa a wuyan tsohuwa mai guga suke. Amma Inna ta daina jin su tun daga kalmar ɗaya. Babban yatsanta take kallo.

"Mama," in ji ma'aikaciyar a hankali, "wa ke riƙe miki waya?"

"Ba kowa. Ba wanda ke taɓa ta."

"Wa ke karanta miki saƙo?"

Yarinyar ta waiga ta ga shugabanta ba ya kusa, ta ɗan juyo allon kwamfutar.

"Ba a yarda in faɗa miki sunan mai asusun da kuɗin ke shiga ba. Amma ga shi nan, ido naki ne."

Sunan bai gaya wa Inna komai ba, tururuwa ce. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai lambar waya. Ta bi ta da ido daga farko har ƙarshe, ta sake komawa farko ko Allah zai sa ɗaya ta canza. Lambar Auta ce, wadda take kira in abinci ya sauka ba ya gida.

Hanya biyu ce, in ji ma'aikaciyar. Ko a biya cikin kwana goma sha huɗu, ko ta cike takardar ƙorafi cewa yaudararta aka yi, ta haɗa da rahoton 'yan sanda mai ɗauke da sunan wanda ya yi. In ta kawo wannan za a dakatar da bashin a bar mata layi har a gama bincike. In ba ko ɗaya, za a rufe layin, bayan wasu watanni a sayar wa wani lambar.

"A sayar? Lambata?"

"Haka tsarin yake, Mama. Amma yanzu na toshe miki, ba wani kamfanin da zai sake cira. Da tun farko kin nema da an toshe."

"Me ya hana ku toshe tun farkon?"

"Sai an nema ake yi."

Ta ya wanda bai san an buɗe ƙofa a bayan ɗakinsa ba zai nemi a rufe? Ba ta tambaya ba. Ta karɓi takardar ta fito cikin rana, ta wuce tashar mota ba ta sani ba, ta taka har gida.

Auta yana inda ta bar shi. Ta tsaya a kansa ta karanta masa lambar wayarsa da ka, a hankali, kamar yadda take karanto masa lambobi shida. Ya sha jinin jikinsa. Ya tashi zaune yana susar ƙeya.

"Inna, ki tsaya ki ji. Ba sata ba ce, aro ne."

"Aron da mai abu bai sani ba?"

"Saura ƙiris fa. Wallahi satin can wasa ɗaya ne ya yanke ni, ɗaya tak, a minti na ƙarshe. Da ya shiga, da yanzu injin wanki ne a tsakar gidan nan, da kin daina wannan tsuguno. Don ke nake yi."

"Da yatsana, Auta. Ka sa na yanka kaina da yatsana, ina sa maka albarka."

"To ai ba ki taɓa ba ni jari ba! Duk abin da kika samu layi, layi, layi. Mu da muke gabanki ba mutane ba ne?"

Wannan maganar ta shige ta fiye da kuɗin. Ta nemi kujera ta zauna. Ta so ta yi kuka, kukan ya ƙi fita.

Kashegari da la'asar Malama ta zo, tare da Kawu, yayan Inna, wanda ba a ganinsa sai in akwai maganar da za a binne. Ya zauna a doguwar kujera, aka kawo masa ruwa, ya karɓi takardar ƙorafin ya riƙe ta nesa da fuska kamar tana wari.

"Yanzu ke, da girmanki, za ki shiga caji ofis ki rubuta sunan ɗan da kika haifa? A kan me? A kan lambar waya?"

"Yaya, ba lambar waya ba ce. Dogo ne."

"Dogo yana hannun Allah. Wannan yana hannunmu. In suka rubuta sunansa a littafinsu, wa zai ba shi aiki? Wa zai ba shi mata? Yaro ya yi kuskure, a yi masa faɗa a cikin ɗaki."

Yaron mai gemu yana tsugunne a bakin ƙofa yana zane ƙasa da tsinke. Inna ta juya wurin Malama tana neman mai tsaya mata.

"Ke kin ji fa. Wata uku yana yi, ba wanda ya sani."

Malama ta gyara zaman tabarau. "Inna, ni na gani tun ranar da kika zo makaranta. A rubuce yake a saƙon."

"Kin gani?"

"Na kira shi na yi masa tas. Ya rantse min ya daina. Ban so hawan jininki ya tashi ba ne."

"Kika bar ni na dawo gida ina danna ɗaya."

"To da me zan ce miki? Ɗanki ɓarawo ne?"

Kawu ya ninke takardar gida huɗu ya zura a aljihun gaba, ya danna maɓalli a kai. Ya ce magana ta ƙare, Malama za ta biya, ita Inna ta kawo abin da take da shi a haɗa. Inna ta yi ta maza ta ce a ba ta takardarta. Kawu ya ce tun suna yara take da taurin kai. A ƙarshe ta shiga ɗaki ta fito da abin da ta tara, ta cire 'yan kunnen da ta yi shekara ashirin ba ta cire ba, ta ɗora a kai.

"Sai kin ba ni wayar," in ji Malama. "Dole su gan ta a ofis."

"Mu tafi tare."

"Da wannan bayan naki? Awa biyu kawai, Inna. Ni ce fa."

Shekara huɗu wayar ba ta kwana ko wuni a hannun wani ba. Inna ta ciro igiyar daga wuyanta, ta ji wurin ya yi mata fayau. Awa biyun nan ba ta goge ko hankici ba, tana bakin ƙofa tana leƙen titi. Kafin magariba Malama ta dawo da fara'a. Ta ce an biya, an buɗe. Ta ce ta kuma sa a riƙa cirar kuɗin wata daga albashinta, kada Inna ta sake wahalar zuwa shago. Inna ta gwada kiran Kawu, ta ji wayarsa na ƙara a aljihu. A nan ne kukan da ya maƙale ya fito. Ta rungume 'yarta ta ce ta yafe, ta yafe wa kowa.

Aka koma zama. Masu kawo wanki suna kira kamar da. Saƙon danna ɗaya ya ɗauke. Auta ya rage kwanciya a falo, in ta shigo sai ya fita. Maƙwabta suka ƙara mata kirki, har matar mai gidan da take haya ta daina faɗan ruwan wanki, abin da Inna ta ɗauka shiriya ce daga Allah. Bayanta bai warke ba, kunnuwanta ba komai, amma wayar tana ƙirjinta cike da caji. In ta yi ƙara sai ta goge hannu a zani ta ɗauka da sauri. Wata biyar ta yi a haka.

Wata safiya wani direban babbar mota ya yi sallama da ƙunshin kaya a kafaɗa. Tsohon mai kawo mata wanki ne, amma sai ya yi wata shida a hanya bai leƙo garin ba.

"Inna, ashe kina nan! Tun jiya nake kiranki, wani ƙato ke ɗauka. Na ce ina Inna mai guga, ya ce shi ko rigarsa ba ya gogewa."

"Ka dai yi kuskuren lamba."

"Ni? Ga ta nan." Ya karanto mata daga wayarsa. Babu kuskure ko ɗaya.

Inna ta ajiye dutsen guga a kan murfinsa. Ta ciro wayar daga jaka, ta latsa lambarta da kanta, wadda ba ta taɓa kira ba tun da aka buɗe ta. Ta kara a kunne tana jira a ce mata layin yana aiki. Sai ta ji yana shiga. Ƙara ɗaya, biyu, uku.

"Alo?" Muryar namiji ce, ga ƙarar injin walda a bayansa.

"Bawan Allah, wannan lambar tawa ce."

"Hajiya, a shago na saye ta da kuɗina, wata biyu ke nan. Tun da na saya ban huta ba. Wannan ya ce wanki, wancan ya ce Inna."

"Wa ya ce Inna?"

"Wani ne, watan jiya. Muryarsa can nesa, tana yankewa. Ba lamba a kiran, ɓoyayyiya ce. Sau uku ya kira."

Direban ya turo mata kujera, ta zauna.

"Me ya ce? Don girman Allah, faɗa min yadda ya faɗa."

"Na farko ya ce, Inna, ni ne. Na ce ba nan ba ne. Na biyu ya karanto min lambar ya ce ko ya ɓata ne, na ce lambar ke nan amma ba Inna a nan. Ya sake kira na uku. Sai ya ce, mai layin nan ba za ta bar shi ya mutu tana da rai ba, ko rasuwa ta yi? Na ce wallahi ban sani ba, a shago na saya. Na ji kamar yana kuka. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya kashe."

"Ya sake kira?"

"Tun ranar bai sake ba."

Ta roƙe shi ya sayar mata da lambar. Ya ce ya riga ya rubuta ta a allon shagonsa da fenti, ta shiga hannun masu ba shi aiki. Amma ya yi alkawari in mutumin ya sake kira zai ba shi wannan da ta kira da ita.

Direban ya ajiye kayansa ya sulale. Inna ta kira Malama ta ce ta zo yanzu, ko tana tsakiyar aji. Ta aika a nemo Auta a wurin masu kallon ƙwallo. Suka tsaya a gabanta a tsakar gida, tsakanin igiyoyin shanya, ruwa na ɗiga daga rigunan mutane.

Ba sai da ta matsa ba. Malama ta faɗa da bakinta. Ba ta je ofis ba ranar. Shago ta je ta sayi sabon sim na kati ta sa a wayar. Kuɗin da 'yan kunnen kuwa wasu mutane ta ba, waɗanda Auta ya ci wa bashi, da suka fara zuwa nemanta har bakin makaranta. Daga nan ta bi masu kawo wanki gida gida ta ba su sabuwar lamba, ta roƙe su su rufa asiri. Ta roƙi matar mai gida. Ta roƙi mai shagon waya. Kawu ya sa albarka. Duk unguwar ta sani, har mai sayar da gawayi. Direban ne kaɗai ta manta.

"Kuɗin ba za su isa duka biyun ba, Inna. Ko layin, ko a karya wa Auta ƙafa. Me kike so in yi?"

"Ki tambaye ni."

"Da ba za ki yarda ba."

"Shi ya sa ba ki tambaya ba."

"Mun ga jiran yana cinye ki ne. Muka ce tunda dai wayar tana hannunki, hankalinki a kwance, mene ne bambancin? Don ke muka yi."

Auta ya ce shi ma wannan karon ba shawararsa ba ce. Wallahi ba shawararsa ba ce.

Inna ta gaya musu abin da mai walda ya ce, kalma bayan kalma, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Malama ta toshe baki da hannu. Auta ya jingina da bango ya zame har ƙasa.

"Ƙila ba shi ba ne," in ji Malama can. "Inna da yawa a duniya."

Inna ta mayar da wayar cikin jakarta. Malama ta sassauta murya.

"Inna, ba mu san zai kira ba. Wallahi ba mu sani ba."

"Ni na sani," in ji Inna. "Shekara huɗu ina gaya muku."

Ba ta zage su ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ɓarawon waje ne, da ta san inda za ta kai ƙara, da ta san irin addu'ar da za ta yi masa. Waɗannan kuwa ita ta goya su. Sun ga ba ta iya karatu ba, suka mai da ita allon da kowa ke rubuta abin da ya ga dama, suka kira shi tausayi. Har yau in ka tambayi Kawu zai ce an rufa asirin gida, Malama za ta ce ba ta da zaɓi, Auta zai ce saura ƙiris. Kamfanin waya ya ce wa'adin ƙorafi ya wuce.

Daga ranar, kullum da safe kafin ta hura gawayi, Inna takan latsa tsohuwar lambarta.

"Bawan Allah, ina kwana. Ya kira?"

"Bai kira ba, Hajiya."

Mutumin kirki ne, ya yi haƙuri. Sati uku yana ɗauka. Daga baya ya koma ɗauka ran da ya ga dama. Wata safiya ta kira, kafin ma ya shiga sai ya katse. Ta sake, ya katse. Ta fita da wayar a hannu, ta wuce Auta a zaune a ƙofar gida, ta wuce shagon bakin titi, ta tare wata mata da ba ta taɓa gani ba a tashar mota, ta ce don Allah ta duba mata abin da ya sami wayar.

Matar ta gwada sau biyu, ta miƙo mata.

"Wayarki lafiya lau, Mama. Mai lambar ne ya toshe ki."